Ranar da Na Toshe Hanyar Dutse da Gida Guda

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma na gwada, Allah ya gani), da ranar da na ɗauko gida sukutum na hau dutse da shi a ƙasar Sin, na je na cusa shi inda ba ya shiga, na tare wa ƙauye guda hanya ana tsakiyar kaka. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma ku bari in faro daga tushe, don akwai inda zan yi kuri a gaba, kuma ba na so a ce na tsallake wurin kunyar.

Na daɗe a Guangzhou. Ina da ɗan shago a benen Tianxiu, inda nake haɗa wa 'yan kasuwar Kano jakunkunan mata da takalma ina aika musu. Abin da na fi ji da shi a lokacin, fiye da shagon ma, shi ne lasin tuƙina na ƙasar Sin. A cikin matan da muke hulɗa da su a unguwar Xiaobei, inda shagon yake, ba kowa ke da shi ba, ni kuwa ina da shi, ina da 'yar ƙaramar motata. In aka taru wurin suna ko walima, ko zancen girki ake yi sai na san yadda na karkato da shi ya biyo ta kan lasin nan. (Wata ƙawata ta taɓa cewa saura kawai in sa masa sarƙa in rataya a wuya.)

A shekarar ne Umma ta zo a duba mata gwiwa. Aka yi magani, aka samu sauƙi, likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki kullum. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, daga "ke" sai "waccan". Yabo kuwa ba ma a maganarsa. In na yi abin kirki, iyakarta ta ce "to". Ni kuma ga ni da girmana, da aurena, da shagona, amma har yanzu akwai wata yarinya a cikina da ke son ta ji abin da ya fi "to" ɗin nan tsawo.

Wata safiya tana tsaye a bakin tagar gidanmu a unguwar Dengfeng, tana kallon benaye sun tokare juna, sai ta ce, "Ke, wai garin nan babu ƙasa ne? Tunda na zo, daga siminti sai ƙarfe. Ko carar zakara ban ji ba."

Nan take na ce zan kai ta ta ga ƙasa. Arewa da birnin, wajen Conghua, akwai duwatsu da gonaki, kuma lokacin kakar lici ne, wani ɗan itace mai jan ɓawo kamar girman ƙwallon goruba ƙarami, cikinsa fari mai zaƙi da ruwa. Matsalar ita ce Umma ba ta cin abincin waje, ba ta shiga banɗakin da ba ta san wanda ya wanke shi ba, kuma ba ta kwana a gadon otal sai ta shimfiɗa zaninta har biyu. Sai dabara ta faɗo mini. Akwai motocin haya masu ɗaki a ciki, da gado, da wurin girki, da banɗaki, har da firji. Ka ɗauki gidanka ka tafi da shi.

Maigidana yana Yiwu wajen sayen kaya. Da na gaya masa a waya sai ya ce, "Ki ɗauki direba mana."

"Direban me? Lasina ya halatta mini ita. Na bincika."

"Ba lasin nake ji ba. Motar nake ji."

Na ce masa mota mota ce, sitiyari ɗaya ne, birki ɗaya ne. Ya ce Allah ya tsare, da irin muryar da mutum ke yi in ya san ba za a ji shawararsa ba.

Da maƙwabciyata a shago ta ji labari, Hajiya Mariyama, 'yar Maraɗi mai sayen atamfa da labule, ta ce wallahi ƙafarta ƙafata. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda in tana dariya a hawa na uku ana ji a na biyar. Na yi murna, don Umma za ta samu abokiyar hira, ni kuma na ƙara samun 'yar kallo.

Muka je wurin hayar. Da na ga motar a tsaye sai na tsaya ina kallon girmanta. A hoton waya ba ta kai haka ba. Fara ce fat, doguwa, mai ƙoƙon kai da ya zarce saman gilashin gaba kamar goshin ɗan kwali, ga akwatin iyakwandishan a can ƙololuwa. Amma Umma tana gefena, don haka na daki ƙofar da tafin hannu kamar wadda ta saba.

Mai motocin, wani gajeren mutum mai saurin magana, ya shiga yi mini bayani. A nan ya kamata in gaya muku gaskiyar Sinancina. Na iya gaisuwa. Na iya "nawa ne", na iya "mei yo" wato babu, na iya "she she" wato na gode, na kuma iya "tai gwai la", wato ya yi tsada, wadda ita ce kalmar da na fi furtawa a ƙasar nan bayan bismillah. Da wannan nake kasuwa, kuma yana isata. Sai dai tun zuwan Umma na bar ta a kan cewa yaren a bakina yake kamar Hausa.

Mutumin ya nuna saman motar, ya ɗaga hannu sama. Ya buɗe hannuwansa biyu ya nuna faɗinta. Ya ƙwanƙwasa wata 'yar takarda da aka manna kusa da sitiyari mai lambobi a jiki. Ya ciro wayarsa ya nuna mini taswira yana latsa wani hoton babbar mota. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina cewa "hau, hau", wato to, to. Da ni kaɗai ce, da na ciro wayata ta fassara mini kamar yadda nake yi kullum. Amma a gaban Umma? Ina!

"Me yake cewa?" in ji Umma.

"Cewa yake Allah ya kiyaye hanya."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka yarensu yake, Umma. Ba sa taƙaitawa."

A kan babbar hanya kam na more. Ina can sama ina kallon rufin ƙananan motoci, ina jin kaina kamar direban jirgi. Motar tana da nauyi, in iska ta bugo ta sai ta ɗan yi rangaji, amma ban daɗe ba na gane halinta. Umma da Hajiya Mariyama suna zaune a baya gaban ɗan tebur, an ɗaura bel, an buɗe fulas ɗin shayi, ga dambun naman da na kwana ina yi. Ina jin Hajiya Mariyama tana cewa, "Inna, ɗiyarki wagga namijin duniya ce. Ku diba yadda take murza ta!" Na kasa kunne. Umma ta ce, "To."

Da muka sauka daga babbar hanya gari ya canza. Kore ko'ina, duwatsu sun yi layi, itatuwan lici sun yi ja kamar an watsa musu barkono. Umma ta matso kusa da taga ta yi shiru, irin shirun da na san na jin daɗi ne. Taswirar wayata (wadda na bari a kan tsarin ƙaramar motata, ba wanda mutumin ya yi ta latsa mini ba) ta ce mu kauce dama mu hau dutse, akwai ƙauye a sama mai wurin kallo.

A gindin dutsen na ga manyan motoci masu sanyi sun yi layi a gefen titi, ƙofofinsu a buɗe, direbobi suna zaune a inuwa suna fifita. Ban tambayi kaina abin da ya hana su hawa ba. Gaba kaɗan ga alamu biyu a jikin ƙarfe, farare masu jan zagaye, ɗaya da lamba da kibiyoyi sama da ƙasa, ɗaya da kibiyoyi dama da hagu. Na san su sarai, sun fito a jarrabawar lasin. Ta farko iyakar tsayin mota ce, ta biyu iyakar faɗi.

Umma ta ce, "Wancan fa, me yake nufi?"

"Na manyan motoci ne, Umma. Ba da mu ake ba."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Shekara da shekaru ina wuce irin alamun nan a 'yar motata ba su taɓa shafata ba, har idona ya saba tsallake su. Sam na manta cewa yau ni ce babbar motar. Wani tsoho mai sayar da lici a ƙarƙashin lema ya miƙe tsaye yana gicciye hannuwansa a ƙirji yana kaɗa kai. Na ɗaga masa hannu ina murmushi. Na ce wa Umma mutanen ƙauye akwai son baƙi.

Da farko hanyar ba laifi. Siminti ne mai kyau, sai dai kowace kwana muka sha sai ta ƙara tsukewa, kamar wando da aka ba tela ya rage. Hagu bangon dutse, dama gangare, itatuwa suna sauka hawa-hawa har inda ido ba ya kaiwa. Ba shinge, sai 'yan duwatsun siminti jefi-jefi da aka shafa wa fenti. Rassan itace suka fara karce mana rufi. Hirar baya ta mutu. Na ji Hajiya Mariyama ta fara salati ƙasa-ƙasa.

"Hajiya," ta ce, "kin tabbata hanyar ga ta mota ce?"

"Taswira ba ta ƙarya," na ce.

A raina na riga na san na yi kuskure. Amma babu wurin juyawa, kuma na ƙudurta cewa in muka kai ƙauyen za a samu fili. Na sha wata kwana mai tsini, sai ga shi a gabana: ƙarfe mai fentin rawaya da baƙi an gicciya shi a saman hanya, a kan ginshiƙai biyu na siminti. Ta ƙarƙashinsa ina hango rufin gidajen ƙauyen.

Mai hankali zai tsaya. Ni kuwa na ce bari in gwada a hankali, wai ko ido ne ke ruɗina. (Har da sunkuyar da kai na yi a cikin motar, kamar hakan zai rage mata tsawo.) Sai ji muka yi ƙuuuu, sannan ƙwas! Motar ta girgiza, kofin shayi ya faɗi, wani ɓallin farar roba ya gangaro ta gilashin gaba ya faɗi a ƙasa. Murfin iyakwandishan ne.

Na ja birkin hannu. Na kashe mota.

Ban gama tattara hankalina ba na ji ƙarar injuna daga sama. Kekuna masu ƙafa uku ne, irin na dako, an yi musu lodin kwandunan lici an rufe da ganye, suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya tsaya hanci da hanci da ni. Na biyu ya tsaya a bayansa. Kafin ka ce me, layi ya miƙe har cikin ƙauyen. Tsakanin motata da bangon dutse mutum ne kawai zai iya ratsawa, shi ma a karkace. A lokacin ne na gane abin da manyan motocin can ke jira a ƙasa.

Na sauko. Zafi ya dake ni, irin zafin lardin Guangdong mai ɗanɗano kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Mai keken farko mace ce, za ta ɗan girme ni, da malafa da safar hannu har kafaɗa. Ta diro tana magana da ƙarfi, tana nuna ƙarfen, tana nuna kwandunanta, tana nuna rana. Sauran suka kewaye ni. Ba ma irin Sinancin kasuwa suke yi ba, yaren ƙauyensu ne, ko "nawa ne" ban tsinta a ciki ba. Wani mutum mai ƙaton ciki yana riƙe da waya a kan sanda, da alama yana tallan licinsa ne kai tsaye ga masu saye, sai kawai ya juyo da ita kaina.

Matar ta yi magana a wayarta ta miƙo mini ita daf da fuska. Wayar ta faɗa da Turanci, da muryar nan mai sanyi kamar ba abin da ya faru: "Motarki ta yi tsawo. Motarki ta yi ƙiba. 'Ya'yan itace suna mutuwa."

Ni 'yar kasuwa ce, na san abin da ake nufi da kaya su lalace a hanya. Lici ba ya jure rana, in ya sha zafi ɓawonsa ya yi baƙi ba mai saye. Wahalar shekara guda ce a cikin kwandunan nan, tun asuba suke tsinka, ni kuma na zo yawon buɗe ido na zauna musu a wuya.

Umma ta zuge taga ta leƙo. "Ke, ki ba su haƙuri mana. Ba kin iya yaren ba?"

Na iya kalmar ban haƙuri. Wallahi na iya ta, "dwei bu ci" ce, na sha faɗarta a jirgin ƙasa in na taka wani. Na gyara mayafina, na haɗa hannuwana biyu, na rusuna a gaban jama'a da wayar mutumin nan, na buɗe baki na ce:

"Tai gwai la!"

Aka yi tsit. Na ji a jikina wani abu bai yi daidai ba, amma ƙwaƙwalwata ta tsaya cak, sai bakina ya ƙara maimaitawa, da ƙarin ladabi. "Tai gwai la. Tai gwai la."

Mai ƙaton cikin ne ya fara fashewa. Sai sauran suka ɗauka. Matar mai malafa ta so ta riƙe fushinta, ta kasa, ta dafa kekenta tana dariya har malafar ta zame. Hajiya Mariyama, wadda kamar kowane ɗan kasuwa a Xiaobei ta san kalmar nan, ta leƙo ta ƙofa tana share hawaye. "Mi ya yi tcada, Hajiya? Dutcin za ki saye?"

"Me ta ce musu?" in ji Umma.

"Inna, ta ce musu ya yi tcada!"

Umma ta dube ni ta saman tabaranta. "Au. Na zaci shi ma Allah ya kiyaye hanya ne."

Da gangaren nan zai buɗe baki ya haɗiye ni a lokacin, da na gode masa.

Dariyar dai ta yi amfani, don ta kashe faɗan. Aka koma neman mafita ta waya. Ba a iya ɗaga ƙarfen, a kafe yake. Motar janwe ba za ta iya hawowa ba. Hanya ɗaya ce: a koma da baya har wani wuri da ke da tankin ruwa, can ƙasa, inda hanyar ta ɗan buɗe. Na tuna na wuce shi, kuma na tuna da nisa, da kwanoni a tsakani. Matar ta buga waya ƙasa a tsayar da duk mai hawowa.

Mai ƙaton cikin ya miƙa wa wani sandarsa, ya daki ƙirji, ya nuna in ba shi makulli. Hajiya Mariyama ta ce, "Ba shi, don Allah, ba shi!" Na ba shi. Ya hau, ya gyara kujera, ya dubi madubin hagu, ya dubi na dama, ya leƙa gangaren. Ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya sauko a hankali, ya sa mini makullin a tafin hannu da hannu biyu, ya karɓi sandarsa. Na duba sauran mazan. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa.

Sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Umma ce take saukowa, tana dafa ƙarfe, da mayafinta ruwan ɗorawa.

"Ke kika hawo da gidan nan, ke za ki sauke shi," ta ce. "Wane madubi ne ba kya ganin bakin ramin da shi sosai?"

"Na dama. Umma, ki koma ciki, ko ki tsaya nan tare da su. Gwiwarki."

"Likita ai cewa ya yi in riƙa tattaki." Ta ratsa ta zagaya bayan motar, ta tsaya a gefen gangaren, daidai inda siminti ya ƙare. "Zan riƙa tafiya a nan. In kina ganina a madubi, da fili tsakanina da motar, kina kan hanya. In ba ki gan ni ba, ki tsaya."

"Umma, don girman Allah."

"Na san ki. In rami ne kawai a bayanki za ki yi garaje. In ni ce, ba za ki yi ba. Shiga."

Matar mai malafa ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane. Ta je ta saƙalo hannun Umma a nata. Hajiya Mariyama ta ɗaura mayafinta a ƙugu ta kama ɓangaren dutse.

Na hau. Na yi bismillah, na karanta duk abin da ya zo bakina, na sa ribas. Akwai 'yar kyamara a baya, amma abin da ke bayan motar kawai take nunawa, ba ta nuna inda tayar dama take takawa. Don haka na manta da ita, na kafe idona a kan ɗigon ruwan ɗorawa da ke cikin madubi. Na saki birki kaɗan. Motar ta ja baya da nauyinta, rufin ya saki ƙarfen da wata ƙara mai sa haƙori tsami.

Abin mamaki, da aka fara sai na natsu. Ribas dai na iya shi, ba kuri ba. Wanda ya shekara yana cusa mota a lungunan Dengfeng, tsakanin babura da kwalayen kaya da masu tura amalanke, ya san yadda ake lallaɓa sitiyari. Bambancin kawai, a Dengfeng in ka kuskure fenti ne zai tafi.

Taku ɗaya, birki. Taku ɗaya, birki. Hajiya Mariyama tana ta ihu daga hagu da Faransanci, "Agosh! Adirwat! Dusma, dusma!" Na leƙa na ce, "Hajiya, da Hausa!" Ta ce, "To ki tahi sannu!" Kekunan suna biye da ni ta gaba a hankali, injuna a kashe, kamar masu rakiyar amarya. Ba mai dariya yanzu. A kowace kwana sai na ja baya, in ɗan yi gaba, in gyara, in sake ja. Gumi yana shiga mini ido ba halin sharewa.

A wata kwana mai tsini, ina cikin juya sitiyari, sai ruwan ɗorawan ya ɓace daga madubi.

Na taka birki da ƙafa har sai da kwanukan cikin motar suka zube. Na ƙwala kira, "Umma!" Ban taɓa jin muryata haka ba. Daƙiƙun nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba, kuma ba na so in gwada. Sai ga ta ta ɗago a cikin madubin, tana riƙe da takalmi ɗaya a hannu.

"Silifas ɗina ne ya tsinke," ta ce. "Me kike wa ihu? Ci gaba."

Ta cire ɗayan ma ta riƙe. Haka ta ƙarasa tafiyar ba takalmi a kan simintin nan mai zafi, hannunta a cikin na matar da ba su san sunan juna ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai san sanda na ga tankin ruwan ya shigo madubin hagu. Na lallaɓa na cusa motar a gefensa har sai da rassa suka danne tagar, hanya ta buɗe. Na ja birkin hannu, na kifa kaina a sitiyari.

Ƙarar tafi ce ta ɗago ni. Kekunan suka tayar, suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana danna hon, wasu suna ɗaga mini babban yatsa. Mai ƙaton cikin ya zo wucewa ya yi mini wata doguwar magana da fuskar girmamawa, sannan ya ƙare da "Tai gwai la!" ya yi gaba yana dariya. Matar mai malafa ta rako Umma har ƙofa, ta karɓi kekenta daga wanda ya gangaro mata da shi, ta zaro wani babban reshen lici ta jefo mini ta taga. A wannan karon kalmar da ta dace ta zo. Na ce, "Dwei bu ci." Ta kaɗa hannu, ta nuna rana, ta nuna kwandunan, ta yi alamar sun tsira, ta wuce.

Ba mu ga ƙauyen sama ba. A wurin tankin na lallaɓa na juya motar muka sauko. A gindin dutsen muka yada zango, a wata gona kusa da rafi da matar mai malafa ta yi mana hanya ta waya. Umma ta yi alwala da ruwan rafin, ta shimfiɗa dadduma a kan ciyawa. Iyakwandishan ya mutu, don haka muka buɗe duk tagogi, sauro ya yi biki. Bayan la'asar ina cikin motar ina tattara kwanukan da suka zube, sai na jiyo ta a waje tana waya da ƙanwarta a Kano. Ba ta san tagar banɗaki a buɗe take ba.

"Ke dai bari. Gida guda fa, da gadonsa da murhunsa. Ta jawo shi da baya a kan dutse, hanya kamar zare. Namiji ya hau ya sauko, ya kasa. Waccan ta hau ta kawo shi. Sinawa suna ta tafi. Ai tun tana yarinya haka take, in ta kafe."

Ban ji ta ambaci ƙarfen ba, balle maganar tsada. Na zauna a kan murfin masai, da tukunya a hannu, na yi kukana a hankali don kada ta ji.

Kafin mu dawo Guangzhou bidiyon ya riga mu isa. Yadda ya tashi daga wayar manomin lici ya faɗa zaurukan waya na 'yan kasuwar Xiaobei, Allah kaɗai ya sani (ko da yake ina zargin wata 'yar Maraɗi). Da na shiga Tianxiu, tun daga bakin lifta ake gaishe ni da "Hajiya, ya tsada?" Maigidana ya kira, bai ce komai ba, dariya kawai ya yi ta yi har katin ya kusa ƙarewa. Mai motocin haya kuwa ya sa tsani ya hau ya ga rufin, abin da ya biyo baya tsakanina da shi ne. Amma bidiyon bai tsaya a wurin rusunawar ba, har ƙarshe aka ɗauka. Wani dattijo mai harkar jigilar kaya, wanda ya yi tuƙin tirela a ƙuruciyarsa kuma bai taɓa ce mini fiye da sannu ba, ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Hajiya, na kalli ribas ɗin nan har sau nawa. Hannunki yana da kyau." Na ce na gode, Alhaji, kamar ba komai ba. Da ya tafi na rufe shago na yi rawa.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya zauna. Yanzu duk alamar da na gani a hanya sai na tambayi kaina ko da ni take, don na gano cewa mutum yakan yi girma bai sani ba. Kuma in za ki yi abin kunya, ki yi shi a gaban mahaifiyarki. Za ta ajiye shi ta riƙa tsokanarki da shi har abada, amma ba da shi za ta fita waje ba.

Ranar da za ta koma, a filin jirgi, mun yi sallama har ta juya, sai ta dawo.

"Ke. Baɗi in Allah ya kai mu, ki sake aro gidan nan."

"To, Umma."

"Amma ki gaya mini tun daga Kano, gaba za mu yi ko baya. Don in san takalmin da zan sa."